Yadda ake buga ado a jikin kayan gwanjo da hatimin da aka sassaƙa a gida

Mai koyon buga ado a jikin yadi yakan zaci duk wahalar tana wajen sassaƙa hatimi. Sassaƙar tana da nata ƙa'idoji, amma yawancin bugun da ke lalacewa tun wajen zaɓen yadi aka yi asararsa. Ka ɗora hatimi mai kyau a kan yadin roba, tawadar ba za ta samu inda za ta kama ba, wanki kaɗan ta soma koɗewa. Ka ɗora hatimin ɗan koyo a kan tsohuwar auduga da ta sha wanki, sai ka ga bugu ya zauna daram. Dalili kuwa shi ne sabon yadi yana fitowa daga masaƙa da sitati da wasu sinadarai da ake shafa masa don ya yi tauri da sheƙi, kuma su ne ke shiga tsakanin zare da tawada. Na gwanjo ya riga ya rabu da su, ya gama tsukewar da zai yi, idan kuma hannu ya kuskure ba a yi wata babbar asara ba.

Abin da ake dubawa a tarin gwanjo

A fara da ɗan ƙyallen bayanin da ke wuyan riga ko a ɗinkin gefe. Auduga zalla ita ce kan gaba, sai lilin. Haɗin auduga da poliyesta yana karɓar bugu muddin audugar ce ta rinjaya. Poliyesta zalla da nailan a bar su: zarensu santsi ne da shi, ba ya shan tawada, kuma ba ya jure zafin gugar da ake buƙata don kafe bugu. Sau da yawa ƙyallen bayanin ya yanke ko rubutunsa ya goge, to sai a gwada bayan an kawo kayan gida. A yanko ɗan ƙyalle kamar santimita 2 daga cikin kalmasa, a riƙe da matsefata a saman farantin ƙarfe, ruwa na kusa, a kai masa ashana. Auduga da lilin suna kamawa nan take, su yi warin ƙonanniyar takarda, su bar toka mai laushi. Poliyesta tana noƙewa daga wuta, ta narke, ta bar ƙulli baƙi mai tauri. Ulu da siliki warin ƙonannen gashi suke yi. Idan aka ga toka da ƙulli tare, haɗi ne.

Bayan irin zare sai irin saƙa. Ana son saƙa mai santsi wadda zarenta ya matsu, irin ta zanin gado, rigar matashi, rigar maza ta ofis da shimfiɗar tebur. Tawul da duk yadi mai gashi ko mai tudu da kwari ba sa fitar da layi, don hatimin kan tudun kawai yake taɓawa. Jins da yadin jaka mai kauri suna yi, amma sai da ado mai manyan layuka da ƙarin tawada. Tishat tana karɓar bugu sosai, sai dai tana talewa, don haka ba da ita ake fara koyo ba. Labule kuma a yi hattara da shi, domin da yawa an shafa musu maganin hana ruwa ko hana tabo. Gwajinsa mai sauƙi ne: ɗiga masa ɗigon ruwa. In ya nutse cikin 'yan daƙiƙu, yadin zai sha tawada. In ya tsaya dunƙule yana gangarawa, haka tawadar ma za ta yi.

Ka ɗaga kayan ka kalle shi ta wajen haske. A nan ake ganin ƙananan hujoji da wuraren da suka side. Zanin gado tsakiyarsa ce ke fara mutuwa, gefunansa kuwa kan kasance da sauran ƙarfi, kuma daga gefunan zani ɗaya ana fitar da rigunan matashi da jakunkuna da ƙyallayen gwaji masu yawa. A riga, a duba hammata da wuya da bakin hannu. Ka kama yadin da hannu biyu ka ɗan ja. In ka ji zare yana tsinkewa, ya ruɓe. Ɗigo-ɗigon baƙi na fumfuna da warin danshi ba kasafai suke fita ba, gara a wuce. Tabo kuwa iri biyu ne a wurin mai bugu. Busasshen tabo na tawada ko na tsatsa ana iya rufe shi da bugu mai duhu, har ma ya zama shi ne dalilin sayen rigar. Tabon maiƙo ne matsala, domin yana korar tawadar ruwa, sai an fitar da shi tukuna.

Wajen launi, fari da ruwan madara da sauran masu haske sun fi sauƙi. Yawancin tawadar yadi ana hango launin ƙasa ta cikinta: shuɗiya a kan ruwan ɗorawa kore-kore za ta fito, ja a kan baƙi kuwa ɓacewa zai yi. Mai son bugu a yadi mai duhu sai ya nemi tawadar da aka rubuta a jikinta cewa tana rufe launi.

Da an kawo kaya gida, wanki ne farko, tun kafin su haɗu da sauran tufafi. Auduga da lilin a wanke su da ruwa mai zafin digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, wannan zafin yana kashe kuɗin cizo da kwarkwata da ƙwansu. Masu launi a wanke su daban, kada su zuba. Kada a sa ruwan tausasa tufafi, domin yana barin wani santsi a jikin zare wanda ke hana tawada kamawa. A ɗauraye sosai, a shanya, a goge ba tare da sitati ba. Lanƙwasa ɗaya da ta rage a ƙarƙashin hatimi za ta bar farin layi a tsakiyar bugu, kuma ba ta da gyara.

Kayan aiki: na hannu da wanda sai sabo

Rabin kayan aikin ma a wajen masu sayar da tsofaffin kaya ake samunsu. Ana buƙatar gilashi mai faɗi don murza tawada. Gilashin tsohon kabad mai kaurin milimita 5 ko 6 ya fi na firam ɗin hoto, wanda siriri ne mai saurin fashewa; kowanne aka samu a naɗe bakinsa da tef. Falen tayil mai santsi ma yana yi. Sai tsohon bargo ko tawul na shimfiɗa, cokalin katako, guntayen katako masu lafiyayyen fuska, tsohon bel na fata don wasa wuƙa, da dutsen guga. Katakon da ke da tsohon fenti mai ɓamɓarewa kada a goge shi da sanfefa, domin fentin da yana iya ƙunsar dalma. A Amurka ma sai 1978 aka hana sa ta a fentin gidaje.

Tawada da bakunan wuƙa dai sai sababbi. Rola, wato abin murza tawada a shafa wa hatimi, ana iya sayen ta hannu, amma a gwada: a ɗora ta a kan gilashi, a murza a hankali ana leƙen ƙarƙashinta. In haske yana ratsawa ta wani wuri, ko robar tana danƙo a hannu, ta gama aiki. Mai faɗin santimita 10 ta isa kusan komai. A samu ta roba mai laushi ɗaya, ta soso ɗaya.

Wuƙar sassaƙa mariƙi ɗaya ce da bakuna da ake sauyawa. Uku sun wadatar: ƙaramin baki mai siffar V na fitar da layi, matsakaici mai siffar U, da babban U na share fili. Abin da ake sassaƙawa kuma iri-iri ne. Akwai lino, wanda Frederick Walton ya ƙirƙiro a Ingila a farkon shekarun 1860 don shimfiɗar daɓe. Ana yin sa da man irin lilin da aka daskarar da garin itace da ƙaro, a manna a kan saƙar rama irin ta buhu. Kaurinsa kamar milimita 3 ne, kuma yana riƙe siririn layi sosai. Amma yana taurara in ya tsufa ko ya sha sanyi. Kafin a saya a ɗan lanƙwasa shi. In ya tsage, ya tsufa. In sanyi ne kawai, a ɗumama shi a rana ko da na'urar busar da gashi. Ledar ɗaki ta zamani ba lino ba ce, roba ce siririya mai soso a ciki, wuƙa yaga ta take yi. Akwai kuma falen roba mai laushi da ake yi musamman don hatimi, kuma don bugu a yadi mun fi son sa a kan lino: yana lotsawa ya bi jikin saƙa, ana wanke shi ba ya kumbura, wuƙa kuma ba ta zamewa a kansa. Babbar robar goge fensir ita ma hatimi ce ƙarama, ta isa a koyi riƙon wuƙa da ita.

Abu ɗaya da ya kamata a haɗa da hannu shi ne allon tokare. A samu allo mai santimita 20 da 25, a kafa siririn katako ɗaya a samansa ta can gaba, wani kuma a ƙarƙashinsa ta wajen mai aiki. Na ƙasan ya maƙale bakin tebur, na saman ya tokare abin da ake sassaƙawa. Shi ke sa hannun da ba ya riƙe da wuƙa ya daina zuwa gaban kaifi.

Zane da sassaƙa

Hatimin farko kada ya wuce santimita 6 zuwa 10 a kowane gefe. Babba yana da wuyar dannawa daidai da hannu, tsakiyarsa sai ta fito fari-fari. Layin da zai fito a bugu kada ya gaza milimita 2, haka ma ramin da ke tsakanin layi da layi. A takarda ana iya yin ƙasa da haka, amma yadi yana ɗan baza tawada, siririn rami sai ya toshe. Ganye, tauraro, da'ira, murabba'i da layuka masu maimaituwa sun fi hoto mai tarkace kyau a jikin tufa.

Duk abin da aka sassaƙa a juye yake fitowa, dama ta koma hagu. A ganye ba komai, a rubutu kuwa ɓarna ce. Hanyar da ba a kuskure ita ce a zana adon yadda ake son ganinsa a takarda mai shara-shara da fensir mai laushi, 4B ko 6B, a kife takardar a kan roba, a goge bayanta da gindin cokali. Zanen zai koma jikin robar a juye, bugu kuma ya sake juyo shi daidai. Sai a bi da alƙalamin maka a cike duk wurin da za a bari. Doka ɗaya ce: abin da aka cike shi zai sha tawada, abin da aka bari fari shi za a ƙwaƙule.

A riƙe mariƙin a tafin hannu, ɗan ali a miƙe kusa da baki. Wuƙar ta kwanta sosai, ana tura ta gaba tana feƙe roba, ba a soka ta ƙasa. In gefunan bakin V ɗin sun nutse cikin roba, an yi zurfi da yawa, kuma yagewa za ta yi maimakon ta yanku. A fara bin gefen zane da ƙaramin V, sannan a share fili da U, ana nisantar zanen. Zurfin milimita 1 zuwa 1.5 ya isa kusa da layi. A fili mai faɗi a ƙara zurfi, don shimfiɗa mai laushi tana tura yadi cikin rami. Bangon kowane layi ya zama mai gangara, gindinsa ya fi samansa faɗi. Wanda aka ƙwaƙule ta ƙarƙashi yakan karye bayan 'yan bugu. Wajen lanƙwasa kuma robar ake juyawa, hannun wuƙa yana nan inda yake. Da an ji ana sa ƙarfi, wuƙa ta dakushe, kuma dakusasshiyar wuƙa ce ke zamewa ta yanki mutum. A shafa man goge ƙarfe a bel ɗin fata, a ja bakin da baya sau goma sha, kaifi zai dawo.

Bayan an gama, a yanke duk filin da ke kewaye da ado da almakashi ko reza, a bar kamar milimita 2. Wannan kaɗai yana kawar da yawancin dattin da ke fitowa a gefen bugu. A ɗora farar takarda a kai a goga fensir a kwance; duk tudun da aka manta zai nuna kansa. Daga nan a manna hatimin a guntun katako da ya ɗan fi shi girma da gam mai jure ruwa, a danne da abu mai nauyi har kwana ɗaya. A bayan katakon a zana siffar adon da kibiya mai nuna sama, domin lokacin bugu ba a ganin fuskar hatimi.

Tawada

Iri uku ake amfani da su, kuma kowace da rolarta. Ta farko ita ce tawadar hatimi ta yadi mai tushen mai, irin wadda kamfanin Speedball ke yi. Tana da danƙo, ana murza ta da rolar roba, ita ce ta fi fitar da layi tsaf, ba ta bushewa a kan gilashi da wuri, ba ta buƙatar guga, amma sai ta yi kusan mako guda kafin ta kafu a iya wankewa. Ta biyu ita ce tawadar bugun riga ta ruwa, wadda ake tacewa ta raga. Tana da santsi, rolar roba zamewa take a kanta, sai ta soso. Tana barin yadi da laushi, kuma sai an kafe ta da guga. Ta uku fentin akirilik ne da aka gauraya da ruwan haɗin da ake sayarwa don fentin yadi. Ma'aunin ya danganta da kamfani, wasu ɗaya da ɗaya, wasu biyu na fenti ɗaya na ruwan haɗi, sai a bi abin da ke jikin kwalba. Akirilik zalla yana kamawa, amma yana sandarar da yadi ya tsattsage. Tawadar hatimi ta takarda mai narkewa a ruwa kuwa kada ta kusanci tufa, wankin farko za ta tafi.

A zuba kamar rabin ƙaramin cokali a saman gilashi. A taɓa da rola, a sauko ƙasa a murza a wuri mai faɗin rolar, gaba da gefe, ana ɗaga ta a kowane zuwa don ta juya duka jikinta ya samu. Tawadar mai ta kai yadda ake so idan fuskarta ta yi lallausan gashi kamar karan-miski, tana ƙara siririya. In tana tsiri-tsiri da ƙara mai kauri, ta yi yawa, a kwashe. A shafa wa hatimi sau uku ko huɗu a hankali ta fuskoki daban-daban, ba a danna ba. Yadi ya fi takarda shan tawada, amma ta hanyar ƙara shafa siriri ake ƙara ta, ba a lafta ta gaba ɗaya.

Bugun kansa

Tebur ya zama mai ƙarfi wanda ba ya girgiza, kuma ƙasa da ƙugu, don a danna da nauyin jiki. A shimfiɗa bargo ninki biyu, a rufe da tsohon zani, a ja ya miƙe. Kaurin shimfiɗar kamar milimita 5 ne. In ta gaza, bugu zai yi dabbare-dabbare. In ta wuce, hatimi zai nutse ramukansa su taɓa yadi. A shimfiɗa abin da za a buga a manne gefunansa da tef, a miƙe amma ba a ja ba. Tishat da aka ja kafin bugu, idan ta koma yadda take adon zai tsuke. Riga da jaka da rigar matashi a cusa musu kwali a ciki, da ƙyalle ɗaya a kan kwalin, kada tawada ta ratsa ta ɓata bayan.

A auna kafin a taɓa tawada. Misali, rigar matashi mai faɗin santimita 45, hatimi mai santimita 7, tazara santimita 2: kowane gida ya zama 9, biyar za su shiga layi ɗaya cif. A ja layukan da allin tela, ko a manna tef a matsayin layi. A fara daga tsakiya a nufi gefe, don in lissafi ya ɗan kauce, a baki zai ɓuya. In aka gusar da kowane layi na biyu da rabin gida, ido ba ya kama ƙananan kurakurai kamar yadda yake kama su a jeri miƙaƙƙe. A wurin da ado zai fita bakin yadi, a sa takarda a ƙasa a buga rabi a kai rabi a waje. Hakan ya fi kyau a kan a bar fili.

Bugu ukun farko a yi su a kan ƙyallen da aka yanko daga yadi iri ɗaya. Sabon hatimi bai cika bayar da bugu mai kyau a karon farko ba, sai fuskarsa ta jiƙa. Kuma wanda ke da haƙuri ya kafe ƙyallen gwajin ya wanke shi kafin ya taɓa rigar da yake so, a nan zai san ko yadin da tawadar sun jitu.

A sauke hatimi tsaye, sau ɗaya. Da ya taɓa yadi an gama zaɓe, ba a gyara masa zama. A danna da tafin hannu biyu na daƙiƙa 10 zuwa 15, tsakiya tukuna, sannan kowace kusurwa, ba tare da an girgiza shi ba. A dafe yadin da hannu ɗaya a ɗaga hatimin tsaye. A sake shafa tawada kafin kowane bugu, ko da ana ganin da saura.

Bugu yana faɗin abin da ya same shi. In ya yi fari-fari ko'ina, tawada ta yi kaɗan ko saƙar ta yi kaushi. In tsakiya ce kawai ta yi fari, danni bai kai can ba, ko katakon ya gantsare. In ƙananan ramuka sun toshe, tawada ta yi yawa ko ta taru a cikinsu. A goge da tsohon buroshin haƙori bayan kowane bugu goma. In gefen ado ya yi kauri tsakiya ta yi haske, an danna tawada mai ruwa da ƙarfi har ta gudu gefe. In ya fito biyu-biyu, hatimi ya motsa ko yadin bai mannu ba. Ƙananan layukan da ke fitowa a fili kuwa tudun da wuƙa ta bari ne. Wasu suna son su don su ne ke nuna aikin hannu ne. Wanda ba ya so ya wanke hatimi ya ƙara share wurin. Farin ɗigo da ke maimaituwa a wuri ɗaya zare ne ko ɓarɓashin roba ya manne a hatimi ko a rola. Tawadar ruwa kuma tana bushewa a kan gilashi cikin 'yan mintuna idan akwai zafi ko iska, don haka a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, a kashe fanka.

Launi biyu hatimi biyu yake so, a fitar da su daga zane ɗaya, a manna a katakai masu girma ɗaya, don kusurwar katako ta zama ma'auni. Mai haske ake fara bugawa, a bari ya bushe, sannan mai duhu. Akwai wata hanya da ake buga launi ɗaya, a ƙara sassaƙe hatimin, a buga na biyu a kai, wadda shahararren mai zane Picasso ya yi aiki da ita a ƙarshen shekarun 1950. A takarda tana da kyau, amma ba ta dace da tufa ba, don hatimin cinyewa yake, ba a iya komawa a sake wata riga irin ta farko.

Kafewa da wanki

Tawadar ruwa da akirilik a bar su awa 24 su bushe sarai. Sannan a rufe bugun da siririn ƙyallen auduga, a goge minti 3 zuwa 5 a kowane wuri, ana motsa dutsen guga, ba tururi. Ɗigon da ke alamar guga a ƙyallen bayani su ne jagora: ɗigo uku zafin digiri 200 ne, na auduga da lilin, biyu 150, ɗaya 110. Yadin haɗi a tsaya a ɗigo biyu a ƙara lokaci. A juya a sake gogewa ta ciki. Abin da aka buga da tawadar mai kuwa a rataye shi inda iska ke shiga, kada a ninke, kada a ɗora wani a kan wani har mako ya cika. A lokacin danshi ta fi haka daɗewa. Idan an dangwala farar takarda ta fito tsaf, ta kafu. Wankin farko a juya rigar ciki waje, ruwan sanyi, sabulu mara ƙarfi, ba bilic, ba cuɗa a kan bugun.

Hatimin nan dai yana aiki a takarda, sai dai a nan juyawa ake: hatimi a ƙasa fuskarsa sama, takarda a kai, a goge bayanta da cokalin katako ana zagayawa. Siririyar takarda mai santsi ta fi mai kauri karɓar bugun hannu. Ana iya ɗaga kusurwa ɗaya a leƙa, a mayar, a ƙara gogewa inda bai kama ba. Tsofaffin taswirori da takardun naɗe kaya suna ba da kati da bangon littafi masu kyau, firam ɗin da aka cire wa gilashi kuma ya samu abin da zai riƙe.

Da an gama aiki a wanke kaya nan take, musamman bayan akirilik, wanda in ya bushe a rola ba ya fita. A kankare ragowar tawada daga gilashi, a murza rola a tsohuwar jarida, sannan ruwa da sabulu. Hatimin roba yana jure famfo. Na lino a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kawai, domin in saƙar bayansa ta sha ruwa sai ya naɗe. Rola a rataye ta ko a kwantar da ita ta baya robar tana sama. In ta daɗe a kan fuskarta, wurin zai baje. Hatimai a jera su a kwance da takarda tsakaninsu, nesa da rana. Tsumman da ya sha tawadar mai ko man lilin kada a dunƙule shi a jefa kwando: man yana fitar da zafi yayin bushewa, kuma tarin irin waɗannan tsummoki yana iya kamawa da wuta da kansa. A baje su ɗai-ɗai a waje su bushe ƙamas, ko a nutsa su a gwangwanin ƙarfe mai ruwa da murfi kafin a zubar.